Annoba ba sunan cuta ba ne

Da zarar labarin ɓarkewar cuta a tsibirin Madagaska ya taso sai ka ji mai karanta labarai ya ce "cutar annoba ta ɓarke". Wace cuta ke nan? Kwalara ma annoba ce idan ta game gari, haka ƙyanda, haka sanƙarau. Wadda ake nufi tana da sunanta: Turawa na ce mata plague, malamanmu kuma ɗa'un, irin wadda ta yi ajalin Abu Ubaida a ƙasar Sham zamanin Sayyidina Umar.

Ƙwayar cutar, Yersinia pestis, a jikin ɓera take zaune, ƙuma ke kwaso ta. In ɓeran ya mutu, ƙumar ta rasa jinin sha, sai ta koma kan mutum. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata, wani lokacin kamar ƙwan kaza, ko taɓawa ba ya bari a yi. Wannan kumburin ne "bubo" da ke cikin bubonic plague, sunan da Turawa ke kiran wannan nau'in cutar, asalin kalmar kuma sunan matsematsi ne da Girkanci. Ni da za a bi ta tawa, ɗa'un mai kaluluwa za mu riƙa cewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kalmar annoba tana sa mai sauraro ya ɗauka abin faɗowa yake yi ba shiri, alhali cutar nan tana da lokacinta kamar yadda sanƙarau ke jiran zafin bazara. A tsaunukan tsakiyar Madagaska, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu take tashi, cikin damina. Amma a Mahajanga, birnin da ke bakin teku a arewa maso yamma, akasin haka aka gani. Ta dawo a 1991 bayan shekaru sama da 60 ba labarinta, sannan daga 1995 zuwa 1998 ba ta tsallake shekara ba, kuma kusan kullum tsakanin Yuli da Nuwamba, da rani, bayan sanyi ya sauko. Tsananin zafin bakin teku ba ya yi wa ƙuma daɗi, sai zafin ya sassauta take yawaita. Unguwannin da ke kewaye da kasuwar Marolaka, inda shara da ɓeraye suka taru, su suka fi jin jiki. Har a jikin jaɓa an samu ƙwayar.

Hukumar da ta san watan, za ta fesa maganin ƙuma tun kafin ya kama, sannan ta bi ɓerayen. In aka fara da kashe ɓera, ƙumar ce za ta watsu cikin ɗakunan mutane.