Gwamnatin gunduma a karkarar Kansas: zaman mako-mako da kasafin kuɗi

Gunduma, wadda Amurkawa ke kira "kawunti", ita ce matakin mulki da ke ƙasa da jiha a mafi yawan sassan Amurka. Yawansu ya haura 3,000. Jihar Kansas da ke tsakiyar ƙasar tana da 105, kuma galibinsu karkara ce ta alkama da dawa da masara da shanu. A ƙidayar 2020 gundumar Johnson, wadda ta haɗe da birnin Kansas City, tana da mutum sama da 600,000. Gundumar Greeley da ke can yamma, kan iyakar Colorado, tana da 1,284 kacal a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,000. Duk da wannan tazara, nauyin da jiha ta ɗora musu kusan iri ɗaya ne: gyaran hanya, tsaro, karɓar haraji, gudanar da zaɓe, ajiye takardun mallakar fili da kula da lafiyar jama'a.

Ɗan Najeriya zai iya kwatanta ta da ƙaramar hukuma, amma akwai bambanci guda mai girma. Gundumar Kansas ba ta jiran kason wata-wata daga sama. Mafi yawan abin da take kashewa daga aljihun mazauna cikinta yake fitowa, kuma kowa yana ganin adadin a rubuce cikin takardar harajinsa.

Masu riƙe da hukuma

A yawancin gundumomin karkara kwamishinoni uku ne ke zama majalisa. Kowanne yana wakiltar yanki ɗaya, wa'adinsa shekara huɗu. Ba aikin cikakken lokaci ba ne; sau da yawa manomi ne ko makiyayi ko ɗan kasuwa da ya yi ritaya. A watan Janairu suke zaɓar shugaba a tsakaninsu, su kuma ayyana jaridar da za ta riƙa buga sanarwar hukuma da bankunan da za a ajiye kuɗi.

Sai dai ba su ne iyayen gidan kowa ba. Magatakarda, ma'aji, mai rajistar filaye, lauyan gunduma da shugaban jami'an tsaro, wato sherif, duk jama'a ce ke zaɓar su kai tsaye. Kwamishinoni ne ke yanke wa kowane ofis kuɗinsa, amma ba su da ikon korar mai ofis. A 2003 kotun ƙolin Kansas ta yanke hukunci a wata shari'a daga gundumar Lincoln cewa ɗaukar mataimakan sherif da sallamar su hurumin sherif ne, ba na majalisa ba. A 2022 kuma masu zaɓe suka shigar da zaɓen sherif cikin tsarin mulkin jihar. Wannan ne ya sa rigimar kasafi tsakanin majalisa da ofishin tsaro ba ta ƙarewa: ɗaya na riƙe da jaka, ɗaya na riƙe da makulli.

Ranar zama

Majalisa kan zauna sau ɗaya a mako ko sau biyu a wata, galibi da safe, a wani ɗaki cikin ginin kotun gunduma. Ana fara da amincewa da bayanan zaman baya. Daga nan magatakarda ya ajiye tarin takardun biya a kan tebur: kuɗin dizal, tayar mota, wutar lantarki, abincin 'yan gidan kaso, albashi. Ba a fitar da ko sisi sai majalisa ta amince, saboda haka kwamishinoni kan bi takardun ɗaya bayan ɗaya, wani ya tsaya a kan wani rasit ya tambayi me ya sa batir ya yi tsada haka.

Bayan haka shugabannin sassa ke shigowa. Mai kula da hanyoyi ya ce kwalbatin wani titi ya rufta, ko gireda ɗaya ta lalace kuma kayan gyara sai bayan mako uku. A buɗe ambulan ɗin 'yan kwangila uku da suka yi tayin kawo tsakuwa, a karanta farashin a gaban kowa. Jami'in yaƙi da muguwar ciyawa ya kawo rahoton maganin feshi, domin dokar jiha ta wajabta wa kowace gunduma kashe wasu ciyayi da ke cinye gonaki. Idan fari ya yi tsanani, a hana ƙona daji na wasu kwanaki. Manomi ya tashi ya yi ƙorafin cewa an daɗe ba a share hanyar gidansa ba. Bayan zaɓe, waɗannan kwamishinonin ne dai ke zama su tantance ƙuri'u.

Dokar buɗe taro ta Kansas, wadda aka kafa a 1972, ta ce duk tattaunawar da mafi rinjayen 'yan majalisa suka yi kan aikin hukuma dole ta kasance a fili. A majalisar mutum uku, biyu sun zama rinjaye. Ke nan kwamishinoni biyu da suka haɗu a gidan mai ko wajen jana'iza ba su da halin yin maganar gada. A garin da kowa ya san kowa, kiyaye wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ana iya shiga zaman sirri don batun ma'aikaci ko shawarar lauya, amma ba a yanke hukunci a can. Sai an fito.

Inda kuɗi ke fitowa

Ginshiƙi shi ne harajin kadara. Jami'in kimantawa yana sa wa kowane gida da shago da gona daraja, sannan a ɗauki wani kaso na darajar a ɗora masa haraji. Tsarin mulkin Kansas ya sa kashi 11.5 cikin 100 ga gidan zama, kashi 25 ga ginin kasuwanci, kashi 30 ga gona. Ita gona ba da farashin sayarwa ake kimanta ta ba, da abin da take samarwa ne, bisa matsakaicin shekara takwas. Don haka shekarun da alkama ta yi tsada sukan ci gaba da bin manomi a takardar haraji bayan kasuwa ta faɗi.

Ma'aunin harajin sunansa "mil", ba shi da alaƙa da mil na tafiya. Mil ɗaya shi ne dala ɗaya a kan kowace dala 1,000 ta darajar da aka ɗora wa haraji. A misali, gidan dala 100,000 ana lissafa masa dala 11,500. Idan gunduma ta sa mil 60, mai gidan zai biya ta dala 690 a shekara. A nan talaucin gunduma ke bayyana. Inda kadara ta yi yawa, mil ɗaya kan tara miliyoyi. A ƙaramar gundumar yamma mil ɗaya ba zai sayi motar sintiri guda ba, don haka sau da yawa mazauna karkara kan biya mil mafi yawa su samu hidima mafi ƙaranci.

Ma'ajin gunduma ne ke karɓar harajin kadara baki ɗaya, har da na makarantu da garuruwa, a kashi biyu: 20 ga Disamba da 10 ga Mayu. Daga baya ya raba wa kowa nasa. Saboda sunan gunduma ne a kan takardar, ita ke shan zagi ko da ƙarin daga hukumar makarantu ya fito.

Sauran hanyoyin sun haɗa da kason harajin man fetur daga jiha, wanda aka keɓe wa hanyoyi, da harajin saye da sayarwa idan masu zaɓe sun yarda, da kuɗin rajistar motoci. Gundumomin kudu maso yamma da ke kan filin iskar gas na Hugoton sun daɗe suna dogaro da darajar rijiyoyi, wadda ke hawa da sauka da kasuwa. Wasu kuma suna karɓar kuɗin yarjejeniya daga kamfanonin lantarkin iska, tunda doka ta yafe wa injinan harajin kadara. Yafiyar ta dindindin ce a da, amma ayyukan da suka zo bayan 2016 shekara goma kawai suke samu. A 2021 gwamnatin tarayya ta ware wa gundumomin ƙasar dala biliyan 65.1 na farfaɗowa daga annobar korona, kuɗin da ya zo sau ɗaya ya wuce.

Zagayen kasafi

Shekarar kuɗi tana tafiya daga Janairu zuwa Disamba, amma a tsakiyar shekarar da ta gabace ta ake haɗa kasafin. Wajen Mayu da Yuni kowane sashe ya kawo buƙatarsa, haka ma ƙungiyoyin da ke neman tallafi: cibiyar tsofaffi, hukumar baje kolin amfanin gona, ofishin malaman gona, cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa. Yawancin ƙananan gundumomi ba su da jami'in kasafi; magatakarda ne ke haɗa lissafin tare da akantan da aka ɗauko haya.

Tun 2021 doka ta ƙara wani mataki. Magatakarda yana lissafa yawan mil da zai kawo daidai kuɗin bara a kan darajar bana. Hukumar da ke son karɓar ko dala ɗaya sama da haka sai ta sanar zuwa 20 ga Yuli, a aika wa masu kadara takarda, a yi zaman sauraron jama'a tsakanin 20 ga Agusta da 20 ga Satumba, kowane kwamishina ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. Manufar ita ce a hana hukuma cewa "ba mu ƙara haraji ba" alhali darajar gidaje ce ta tashi ta kawo mata ƙari. Masu sukar dokar suna cewa ba ta yi la'akari da tsadar kaya ba.

Akwai kuma tsohuwar doka ta 1933, daga zamanin karayar tattalin arziki, da ta hana hukuma cin bashin abin da babu kuɗinsa a asusu, in ban da hanyoyin da doka ta buɗe kamar takardun lamuni. Kasafin ma asusu-asusu ne: na gama-gari, na hanya da gada, na motar asibiti, na lafiya, na haƙƙoƙin ma'aikata. Ba a wuce abin da aka rubuta wa asusu sai an buga sanarwa an yi gyara a fili. Idan shekara ta ƙare da ragowa a asusun hanya, akan tura wani kaso zuwa asusun sayen injina, a tara har ya isa gireda sabuwa.

Idan aka cire albashi, inshorar lafiyar ma'aikata, gidan kaso, zaɓe da sauran abin da jiha ta wajabta, abin da ya rage wa kwamishinoni su yi muhawara a kai ɗan kaɗan ne. Ƙarin albashi na kashi biyu ko uku, ko kilomita nawa za a zuba wa tsakuwa bana, shi ne ke cin zaman yini guda.

Hanya da raguwar jama'a

An auna ƙasar Kansas an yanka ta murabba'i-murabba'i, kowanne mil ɗaya na tafiya a tsawo da faɗi, eka 640, kuma an bi yawancin layukan da hanya tun zamanin da kowane yanki ke da iyalai da dama. Yau manomi ɗaya na noma abin da gidaje goma suka noma a da. Mutane sun ragu, hanya ba ta ragu ba, motocin dakon hatsi kuma sun ƙara nauyi. Gadoji da yawa sun tsufa. Idan babu kuɗin sabuntawa, sai a kafa allon iyakance nauyi ko a rufe, motar makaranta da ta hatsi su riƙa zagaye. Majalisa na da ikon mayar da hanya zuwa matakin kulawa kaɗan ko ta soke ta gaba ɗaya, amma kowace hanya tana da mai gona a ƙarshenta, kuma shi ma mai ƙuri'a ne.

Asibiti shi ne ɗaya nauyin. Gundumomi da dama su ke da ƙaramin asibitin garinsu, irin wanda dokar tarayya ta 1997 ta ba matsayi na musamman muddin gadajensa ba su wuce 25 ba a tsarin yanzu, kuma sukan cike masa giɓi da mil ko harajin saye da sayarwa. Motar ɗaukar marasa lafiya kuma a wurare da yawa 'yan sa-kai ne ke tuƙa ta, kuma su ma suna tsufa.

An sha kawo shawarar haɗe gundumomi don rage kashe kuɗi, amma ba ta samun karɓuwa, domin garin da ya rasa ginin kotu ya rasa ayyukan yi da dalilin da ke kawo mutane cikinsa. Abin da aka fi yi shi ne raba ma'aikaci, kamar jami'in kimantawa ɗaya ga gundumomi biyu ko uku, ko biyan maƙwabciya kuɗin ajiye fursuna. Greeley ta bi wata hanya: a 2007 masu zaɓe suka amince a haɗe gwamnatin gunduma da ta garin Tribune, hedikwatarta, kuma haɗaɗɗiyar hukumar ta fara aiki a Janairun 2009.