Mene ne NPIV da NPV a wajen haɗa sabobin biled da rumbun bayanai?

A takardun sayen kayan cibiyoyin bayanai na bankuna da kamfanonin sadarwa, akan ci karo da haruffa huɗu, NPIV, wani lokaci kuma uku, NPV. Da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, har da wasu dillalan kayan. 'Yan uwan juna ne, amma kowanne da aikinsa, kuma ba a gane su sai an san matsalar da ta haife su.

Sabar biled siririyar kwamfuta ce da ake zurawa cikin babban akwati tare da 'yan uwanta, su yi tarayya a wuta da fankoki da wayoyin sadarwa. IBM ya fito da BladeCenter a 2002 mai ɗaukar 14, HP kuma ya kawo c7000 a 2006 mai ɗaukar 16. Irin waɗannan sabobi ba su da wurin ajiya na kirki a jikinsu. Bayanan suna can cikin manyan rumbuna, ana isa gare su ta keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa da ake kira SAN, wadda galibi ke aiki da tsarin Fibre Channel. Kwamitin T11 a Amurka ne ke tsara dokokinsa.

A wannan tsari, kafar da ke jikin katin saba sunanta N_Port, wadda ke karɓar ta a jikin suwici, wato na'urar da ke haɗa sabobi da rumbuna, kuma F_Port. Idan suwici biyu suka haɗu da juna, kafofinsu E_Port ne. Da zarar saba ta tashi, sai ta aika saƙon neman shiga, FLOGI, ɗauke da sunanta na dindindin mai tsawon bit 64, wato WWPN. Suwici ya ba ta adireshi mai bit 24. Bit takwas na farko lambar suwicin ce da kansa, Domain ID, kuma guda 239 kacal doka ta ware a cikin fabirik guda, wato tarin suwicin da ke haɗe da juna. A aikace ma ba a kusantar wannan adadi, don kamfanonin da ke ƙera kayan ba sa tsaya wa mutum idan ya wuce 'yan gomiya.

To a nan gizo ke saƙar. Kowane akwatin biled yana da ƙananan suwici biyu a bayansa, ɗaya na fabirik A, ɗaya na B, don kada yankewar hanya ɗaya ta tsayar da aiki. Mai akwati 40 ya cinye lamba 40 a kowane ɓangare kenan, bai ma fara lissafin manyan suwicin tsakiya ba. Kuma kowane ɗan ƙaramin suwici cikakken memba ne. Da shi ake lissafin hanyoyi, yana riƙe da kwafin jadawalin wa zai ga wa, idan ya mutu ko ya tashi sai sauran duka sun ji a jikinsu. Idan na akwatin na Brocade ne, na tsakiya kuma na Cisco, sai an sa su cikin wani yanayin sulhu na musamman da ke rage wa kowanne ƙwarewa. Ga kuma rigimar cikin ofis, wadda a ganina ta fi ta na'ura zafi: suwicin yana cikin akwatin masu kula da sabobi, amma yana iya hargitsa gidan masu kula da rumbu. Wa ke da shi? Akwai wata mafita, a cire suwicin a ja waya daga kowace saba kai tsaye, sai dai akwati mai saba 16 zai fitar da waya 32, kowacce tana cin kafa mai tsada a tsakiya.

NPIV taƙaitaccen sunan N_Port ID Virtualization ne. Abin da yake nufi shi ne kafa ɗaya ta zahiri ta karɓi adireshi fiye da ɗaya. Shigar farko da FLOGI ake yi kamar kullum. Duk wadda ta biyo baya sai a yi amfani da wani saƙo, FDISC, ɗauke da sabon WWPN, suwici kuma ya ba da sabon adireshi ta kafar nan dai. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya, amma mai unguwa ya rubuta sunan kowane ɗan haya daban. Dabarar ba don biled aka ƙirƙiro ta ba. Ta fara fitowa fili a babbar kwamfutar IBM, System z9, a 2005, inda tarin tsarin aiki na Linux da ke gudana a cikinta ke raba kati ɗaya, ana so kowanne ya ga nasa faifan kawai.

NPV, wato N_Port Virtualization, shi ne ɗaukar wannan dabara a ɗora wa ƙaramin suwicin akwati. Ta fuskar sabobi yana nan a matsayin suwici, yana ba su F_Port. Ta fuskar tsakiya kuwa sai ya rikiɗe ya zama kamar saba mai kati ɗaya. Shi zai fara shiga da FLOGI, sannan duk FLOGI da ya zo daga sabobinsa ya mai da shi FDISC ya miƙa sama. Adireshin kowace saba daga suwicin tsakiya yake fitowa, ɗauke da lambar tsakiya. Shi ƙaramin ba ya karɓar Domain ID, ba ya riƙe jadawali, ba ya shiga lissafin hanyoyi. Akwati 40 ɗin nan yanzu ba su ci lamba ko ɗaya ba. Tunda kuma babu E_Port a tsakani, bambancin kamfani ya daina zama abin damuwa sosai.

NPV sunan da Cisco ya ba abin ne. Brocade, wanda Broadcom ya saya a 2017, Access Gateway yake ce masa. Virtual Connect na HP da tsarin UCS na Cisco da ya fito a 2009 duk a kan wannan tunani suke tafiya. Abin riƙewa dai, NPV a gefe ake kunna shi, NPIV kuma a tsakiya. Idan aka manta kunna NPIV a babban suwici, kafar sama ba za ta yi wa sabobi amfanin komai ba, a yi ta zargin waya da kati a banza. Wanda zai kunna NPV a suwicin MDS na Cisco kuma ya ajiye kwafin saitinsa tukuna, domin na'urar za ta goge saitin ta sake tashi.

Ba kyauta ake samun sauƙin nan ba. Ƙaramin suwicin ya daina haɗa kafofinsa da juna, komai sai ya hau tsakiya ya dawo, don haka ba wurin jona rumbu ba ne. Rabon kaya kuma a lokacin shiga ake yinsa: kowace saba ana ɗaure ta da waya ɗaya daga cikin masu hawa sama, ta zauna nan. Sabobi uku masu nauyin aiki na iya faɗawa kan waya guda alhali ta kusa da ita tana hutawa. Idan wayar ta yanke, sai sabobin da ke kanta sun fita sun sake shiga ta wata, abin da ke riƙe aiki a wannan ɗan tsakani shi ne fabirik na biyu. Ana rage wannan da haɗe wayoyin su zama dami ɗaya, amma galibi sai duka ɓangarorin na kamfani ɗaya ne, kenan an mayar da wani abu daga cikin ribar da aka ci. Lissafin cunkoso ma yana nan. Saba 16 masu gudun gigabit 8 a kan waya huɗu masu gudu iri ɗaya, 128 ne ke neman wucewa ta 32.

NPIV yana da amfani na biyu da ke ƙara rikita mutane, wato bai wa kowace kwamfutar cikin manhaja (wadda manhaja ke ƙirƙira a cikin saba ɗaya) nata WWPN. VMware ya kawo shi tun ESX 3.5, amma da sharaɗin a ba kwamfutar faifanta kai tsaye daga rumbu, hanyar da ake kira RDM, shi ya sa bai yaɗu ba. Microsoft ya sa shi a Hyper-V na Windows Server 2012. Inda ya fi samun gindin zama shi ne PowerVM na IBM. Ana iya haɗa duka biyun, kwamfutocin cikin manhaja su yi NPIV ta cikin suwicin da shi ma yake NPV, amma kowace F_Port tana da iyakar shigar da take karɓa, sai a duba wannan adadi a takardun na'urar kafin a cika akwati.

Wurin da ke da akwati ɗaya ko biyu da rumbu guda ba ya buƙatar NPV. Suwicin akwatin ya isa ya zama fabirik ɗin gaba ɗaya, a jona rumbun a jikinsa a huta. Amfaninsa yana fara bayyana ne idan akwai manyan suwici a tsakiya, akwatuna suna ƙaruwa kowace shekara, ko kuma an gaji kayan kamfanoni biyu a ɗaki ɗaya.