Kiran kai a tsarin ASM

ASM, wato Abstract State Machine a Turance, hanya ce ta rubuta ainihin abin da manhaja za ta yi, da lissafi, tun kafin a taɓa kwamfuta. Yuri Gurevich ne ya kawo ta wajajen tsakiyar shekarun 1980, yana jami'ar Michigan a Amurka. Na'ura ce ta kan takarda, tana da halin da take ciki da kuma dokoki irin na in kaza ya tabbata a canza kaza, kuma duk canjin da ya dace a taki ɗaya ake zartar da shi.

Kiran kai

Kiran kai (recursion a Turance) shi ne aiki ya sake kiran kansa a kan guntun matsalar. Kamar malamin lakol a Maradi da takardun jarrabawa 64 zai jera bisa maki, ya raba biyu ya miƙa ma ɗalibai biyu, su ma kowa ya raba nasa ya miƙa gaba, a rabo na 6 kowa takarda ɗaya gare shi, sai a riƙa haɗo su a jere har su dawo teburin malam. To ASM na farko bai san irin jiran da mai rabawa ke yi kafin a dawo masa da takardun ba, dole mai rubutu ya gina ma'ajiyar da ke tuna wa ke jiran wa, rubutun ya cika da tarkace.

Tarihi

A 1997 Gurevich da Marc Spielmann suka ce kowane kira a ɗauke shi sabon wakili mai nasa aiki, mai kira ya dakata har ya kawo amsa, kusan dai yadda ɗaliban nan suka yi. Wajen 2000 kuma Egon Börger na jami'ar Pisa a Italiya da Joachim Schmid suka bi wata hanya, wadda aka sani da Turbo ASM, inda kiran duka da abin da ke cikinsa ake lissafa shi taki ɗaya. Ya fi daɗin karatu gaskiya, amma in kiran bai ƙare ba takin ba ya da sakamako sam.

An yi gardama. Yiannis Moschovakis a 2001 ya ce kiran kai ne asalin algoritim (wato tsarin matakan warware matsala) ba na'ura ba, Andreas Blass da Gurevich suka mayar masa da martani. Börger da Klaus-Dieter Schewe sun sake ɗauko zancen wajen 2020.

Amfani

Da ASM aka fayyace ma'anar Java, wani harshen rubuta manhaja, a 2001.