Waiwaye: Yadda Koriya ta Kudu ta haɗe cibiyoyin tallafa wa iyali wuri guda

A yawancin ƙananan hukumomin Koriya ta Kudu akwai ofishin da ake kira Cibiyar Iyali, inda ake sulhunta ma'aurata, a taimaka da renon yara, a koya wa matan da aka auro daga waje harshen Koriya. Da can ofisoshi biyu ne, kowanne da dokarsa.

Tushen na farko shi ne durƙushewar tattalin arzikin 1997. Magidanta sun rasa aiki, mutuwar aure ta yawaita, haihuwa ta ja baya. A 2004 aka kafa Dokar Lafiyayyen Iyali, ta fara aiki a Janairun 2005, kuma sashe na 35 nata ya tanadi cibiyoyin ba iyali shawara.

Na biyu kuwa daga karkara ya taso. 'Yan mata sun tsere birni, manoma suka rasa matan aure, sai dillalan aure suka shiga kawo amare daga Sin, Biyetnam, Filifin da Kambodiya. A 2005 sama da kashi 13 cikin 100 na auren da aka ɗaura da baƙo ko baƙuwa ne. Amarya ta zo ba ta jin harshen, tana zaune da surukai, ga takardar zamanta a hannun miji. A 2006 gwamnati ta buɗe musu cibiyoyi 21, a 2008 kuma aka yi Dokar Tallafa wa Iyalai Masu Al'adu Daban-daban, wadda sashe na 12 nata ya ba cibiyoyin gindin zama. Aikinsu na ƙeƙe-da-ƙeƙe ne: malama ta bi matar har gida sau biyu a mako, awa biyu kowane zuwa, tafinta ta raka ta asibiti, a auna yadda bakin yaro ke buɗewa. Akwai kuma layin waya na Danuri da ke amsa kira dare da rana cikin harsuna 13.

Matsalar ta fito da wuri. Matar da ta shekara goma a ƙasar ta daina neman darasin harshe, damuwarta ta kowace uwa ce, amma har yanzu ofishin baƙi ake tura ta. Yaranta 'yan ƙasa ne, sai dai laƙabin "damunhwa", wato masu al'adu daban-daban, ya manne musu a makaranta har ya zama gori. Ga kuma haya biyu da shugabanni biyu a gari ɗaya. Aka fara gwajin haɗewa a 2014, aka faɗaɗa a 2016, sannan a Oktoban 2021 aka sa wa haɗaɗɗun ofisoshin suna ɗaya. Yanzu sun haura 200.

Sai dai haɗewar ta umarnin ma'aikatar iyali ce ta fara, dokokin biyu kuma suna nan daram. Shi ya sa aka daɗe ana kokawa da kasafi biyu, rahoto biyu, da tsarin albashi da bai zo ɗaya ba. Tafintoci, waɗanda akasari su ma matan da aka auro ne, sun sha ƙorafin cewa shekarun aikinsu ba sa ƙara musu albashi kamar abokan aikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'anar iyali. Dokar 2004 ta ce iyali na samuwa ne ta aure, jini, ko ɗaukar riƙo a hukumance, don haka masu zama tare ba rajista ba sa ciki. Tun 2005 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta nemi a sauya sunan dokar, domin yana nuna wasu gidajen marasa lafiya ne. Dokar 2008 kuma tana buƙatar ɗaya daga cikin ma'auratan ya kasance ɗan ƙasa. Gyaran 2011 ya shigar da waɗanda suka karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga baya, amma ma'aikaci ɗan Nepal da matarsa 'yar Nepal ba su shiga ma'anar ba, ko da a Koriya aka haifi 'ya'yansu. A 2021 ma'aikatar iyali ta ce za ta faɗaɗa ma'anar da ke cikin dokar 2004, sai a 2022, bayan canjin gwamnati, ta janye maganar.