Ma'anar giɓin makamashi a cikin sufakondakta

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗakin ɗaukar hoto da na'urar MRI a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Jidda, ko Makka, ko Madina, ya tsaya dab da sufakondakta, ko da bai taɓa jin sunan ba. A galibin waɗannan na'urori, cikin ƙaton bututun da ake shigar da mutum, akwai waya da aka naɗe zagaye dubbai, wadda aka ƙera da haɗin ƙarfen nayobiyam da taitaniyam, aka kuma tsoma ta cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. Ranar da aka kafa na'urar, injiniyoyi sukan tura wutar lantarki cikin wayar, sannan su rufe da'irar su cire abin da ya ba da wutar, amma wutar ta ci gaba da zagayawa wata da watanni ba tare da wani abu yana tura ta ba. Shi ya sa ma'aikatan ɗakin ba sa wasa da batun ajiye makulli da agogo da tsabar kuɗi a waje, domin maganaɗisun a kunne yake dare da rana, kuma ƙarar cak-cak da ake ji ko ba a ɗaukar hoto ta injin da ke hana hiliyam ɗin ƙafewa ce.

Sufakondakta shi ne duk wani abu da idan aka sanyaya shi ya wuce wani mataki nasa na musamman, tirjiyar da yake yi wa wutar lantarki takan ɓace gaba ɗaya, sannan ya riƙa korar ƙarfin maganaɗisu daga cikin jikinsa. Ɗalibanmu da ke karatun fizik da injiniyanci a Jami'ar Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz suna jin malamai suna kiransa almuwassil alfa'iƙ, kuma da zarar an shiga zurfin darasin sai a ambaci fajwatuɗ ɗaƙa, wato giɓin makamashi. A ganina wannan giɓi shi ne ƙofar fahimtar batun baki ɗaya, domin a kansa ne masu lissafi da masu gwaji suka fi kama juna da hujja tun shekarun 1950 har zuwa yau.

Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin abin a birnin Leiden na ƙasar Holand a 1911, shekara 3 bayan ya yi nasarar mayar da iskar hiliyam ruwa. Ya sanyaya zaiba, sai ya ga tirjiyarta ta faɗi kwatsam a kusan digiri 4.2 a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano korar maganaɗisu a Jamus. Wani abin mamaki da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne cewa zinariya da azurfa da jan ƙarfe, waɗanda suka fi kowane ƙarfe sauƙin wucewar lantarki, ba sa zama sufakondakta, alhali dalma da zaiba, waɗanda ba su kai su ba, suna zama. Sai da aka shafe shekara 46 daga ganowar Onnes kafin John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer su fito da gamsasshen bayani a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1957, bayanin da ake kira BCS da haruffan farko na sunayensu, wanda ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1972.

A cikin ƙarfe na yau da kullum, ilektron, wato 'yar ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, yana iya karɓar makamashi komai ƙanƙantarsa, yana kuma iya zubar da shi komai ƙanƙantarsa. Wannan sauƙin karɓa da bayarwa shi ne tushen tirjiya, domin duk lokacin da ilektron ya ci karo da wani lahani a jikin ƙarfen ko da girgizar atam, sai ya rasa kaɗan daga abin da yake ɗauke da shi, kaɗan ɗin nan kuma su ne suke taruwa su zama zafin da muke ji a jikin waya. A cikin sufakondakta kuwa, ilektron suna haɗuwa biyu-biyu, dukkan waɗannan ma'aurata kuma suna shiga yanayi guda ɗaya suna tafiya tare. Ba a iya taɓa ɗayansu da ɗan makamashi kaɗan. Dole ne a biya adadin da zai raba ma'auratan biyu gaba ɗaya, idan kuma abin da aka kawo bai kai ba, babu abin da zai faru sam. Wannan mafi ƙarancin adadi shi ne giɓin makamashi, kuma a littattafai ana rubuta shi da 2Δ, domin kowane ɗaya daga cikin ilektron biyun da aka raba yana cin Δ guda. Bambancin kamar na mai tireda ne da ɗan sari a kasuwar Bab Makka ta Jidda: mai tireda zai sayar maka da kayan riyal ɗaya, ɗan sari kuwa ba ya buɗe katan sai kuɗinka ya kai farashin katan ɗin, ko da sau ɗari ka zo masa da canji.

Tambayar da kowane ɗalibi mai lura yake yi ita ce yadda ilektron biyu, waɗanda cajinsu iri ɗaya ne kuma suna tunkuɗe juna, za su haɗu. Amsar ta fara bayyana a 1950, lokacin da aka gwada nau'o'in zaiba masu bambancin nauyin atam, aka ga cewa mai nauyi tana buƙatar ƙarin sanyi kaɗan kafin ta juya ta zama sufakondakta. Wannan ya nuna cewa girgizar atam tana da hannu a ciki. Ilektron idan ya wuce yakan jawo atam ɗin da ke gefensa su matso, kuma da yake atam sun fi shi nauyi sau dubbai, ba sa komawa mazauninsu da wuri, sai su bar wata hanya mai ɗan rinjayen caji da ke jan ilektron na biyu. Cooper ya nuna a 1956 cewa a cikin ƙarfe, jan nan komai rauninsa ya isa ya ɗaure biyun. A nan ne kuma aka warware ɗaurin kan zinariya da jan ƙarfe: ilektron ɗinsu ba sa mu'amala sosai da girgizar atam, abin da ya sa suke da sauƙin wucewar lantarki a zafin ɗaki, shi ne kuma ya hana su haɗuwa biyu-biyu a sanyi.

Girman giɓin ƙarami ne ƙwarai, kuma alƙaluman suna bayyana dalilin da ya sa ake shan wahalar sanyi. Ana auna shi da mili-ilektron-folt, wani ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi, kashi ɗaya cikin dubu na ilektron-folt. Na dalma kusan 2.7 ne, na nayobiyam kusan 3, na alminiyam kuwa bai wuce 0.35 ba. Makamashin da zafi yake bai wa ƙwayoyin abu a ranar bazara mai digiri 40 a Jidda kusan 27 ne, wato ninki 10 na giɓin dalma, don haka babu ma'auratan da za su tsira. A sanyin ruwan hiliyam kuwa, makamashin zafin yakan sauka zuwa kusan 0.36, wanda bai isa ya raba su ba sai nadiran. Nazariyyar BCS ta yi hasashen cewa idan aka raba giɓin da makamashin zafi na matakin da abin yake juyawa, za a samu kusan 3.5 ko da wane ƙarfe ne. Alminiyam, mai juyawa a Kelbin 1.2, ya yi daidai da haka. Dalma, mai juyawa a Kelbin 7.2, ta ba da kusan 4.3, kuma wannan saɓani ne ya tilasta wa masana faɗaɗa lissafin domin ƙarafan da janyewarsu ta fi ƙarfi.

Yana da kyau a raba wannan giɓi da na silikon da ke cikin farantan sola da wayoyin hannu, domin ɗalibai sukan haɗa su. Na silikon kusan ilektron-folt 1.1 ne, wato ya ninka na dalma kusan sau 400, ya samo asali ne daga tsarin jerin atam, kuma aikinsa shi ne hana lantarki wucewa. Na sufakondakta kuwa su ilektron ɗin ne suke gina shi da kansu ta hanyar haɗuwarsu, yana tafiya tare da su idan suna gudana, yana raguwa idan zafi ya ƙaru, har ya rufe gaba ɗaya a daidai matakin juyawa.

An fara jin ƙamshin giɓin tun kafin BCS, daga yadda ƙarfen banadiyam yake shan zafi a tsananin sanyi, da kuma gwajin da Rolfe Glover da Michael Tinkham suka yi da haske mai dogon zango a kan siraran ƙarafa. Amma gwajin da ya fi kowanne kyau, a wurina, shi ne na Ivar Giaever a 1960. Shi ɗan ƙasar Norway ne, asalin karatunsa injiniyancin kanikanci, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin General Electric a jihar New York yana kuma koyon fizik a gefe. Ya shimfiɗa siririn layin alminiyam a kan gilashi, ya bar shi ya sha iska har saman ya yi wata fata da ba ta wuce kaurin atam kaɗan ba, wadda ba ta barin lantarki wucewa, sannan ya gitta layin dalma a kansa. Ilektron suna iya kutsawa ta cikin fata mai sirantaka haka bisa dokokin kwantam, wato dokokin fizik na ƙananan ƙwayoyi irin su ilektron. Da ya tsoma gilashin cikin ruwan hiliyam ya fara ƙara folt a hankali, sai ya ga wutar ta ƙi wucewa yadda ya kamata har sai da folt ɗin ya haura milifolt 1 da 'yan kai, daga nan ta tashi da sauri. Da ya kawo maganaɗisu mai ƙarfi ya kashe sufakondakta ɗin dalmar, sai cikas ɗin ya ɓace. Abin da manyan masana suka yi shekaru suna lissafawa a takarda, ya karanto shi kai tsaye daga ma'aunin folt, kuma wannan aiki ya ba shi rabon Nobel ta 1973 tare da Leo Esaki da Brian Josephson.

Daga 1986 batun ya ƙara zurfi. Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM a Zurich sun gano wani haɗi mai jan ƙarfe da oksijin da yake juyawa a kusan Kelbin 35, a shekarar da ta biyo baya kuma aka samu ɗan'uwansa mai juyawa a kusan 93, wanda ya haura sanyin ruwan naitirojin na Kelbin 77 mai arha. Da aka auna giɓin waɗannan haɗe-haɗe, sai aka ga bai zama ɗaya ta kowace fuska ba: ga ilektron mai tafiya ta wata fuska giɓin babba ne, ta wasu fuskoki huɗu kuwa sifiri ne. Gwaje-gwajen Chang Tsuei da John Kirtley a 1994 suna cikin waɗanda suka tabbatar da wannan siffa, wadda ke nuna cewa da wuya girgizar atam kaɗai ta zama abin da ke ɗaure ilektron a nan, kuma har yau masana ba su haɗu a kan bayani guda ba. A 2001 ƙungiyar Jun Akimitsu a Japan ta gano cewa haɗin magniziyam da boron yana juyawa a Kelbin 39, sannan aka ga yana da giɓi biyu daban-daban a cikin abu guda, Δ ɗaya kusan mili-ilektron-folt 2, ɗaya kuma kusan 7.

Duk da muhimmancin da na ba shi, giɓin ba shi ne sufakondakta ɗin kansa ba, kuma kuskure ne a koyar da shi haka. Alexei Abrikosov da Lev Gor'kov sun nuna a farkon shekarun 1960 cewa idan aka cuɗa ƙarfe da ɗan gurɓataccen abu mai maganaɗisu, giɓin yana iya rufewa alhali tirjiyar tana nan sifiri. A haɗe-haɗen jan ƙarfe da oksijin kuma ana ganin akasin haka, wato wani rabin giɓi da yake bayyana a zafin da abin bai riga ya juya ba. Asalin lamarin shi ne tafiyar ma'auratan a yanayi guda. Giɓin shi ne alamar da ta fi sauƙin aunawa, kuma siffarsa ce take tona asirin abin da ya ɗaure su.

Wannan ne ya sa nake so 'yan'uwanmu su riƙa tambayar hujja idan labarin sabon sufakondakta ya shigo zaurukan WhatsApp. A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun yi iƙirarin cewa wani haɗi mai suna LK-99 yana aiki a zafin ɗaki, hoton bidiyon wani gutsure da ya ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu ya karaɗe duniya, amma cikin makonni kaɗan wasu ɗakunan gwaji suka nuna cewa faɗuwar tirjiyar ta fito ne daga gurɓataccen haɗin jan ƙarfe da farar wuta, tsarkakakken abin kuwa ba ya ma barin lantarki wucewa. Wanda ya san lissafin BCS yana iya ƙiyasta abin da ake nema: abin da zai riƙe siffarsa har zuwa digiri 40 yana buƙatar giɓin da ya kai kusan mili-ilektron-folt 95, ninki 35 na dalma, kuma giɓi mai girma haka ba ya ɓuya ga gwaji irin na Giaever.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kusantar wannan buri da hujja mai ƙarfi shi ne haɗin haidirojin da farar wuta, wanda ƙungiyar Mikhail Eremets a Cibiyar Max Planck da ke Mainz ta Jamus ta nuna a 2015 cewa yana juyawa a Kelbin 203, wato digiri 70 ƙasa da sifiri. Sharaɗinsa mai tsanani ne, domin sai an matse ɗan ƙwayar abin tsakanin lu'ulu'u biyu da matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau miliyan 1.5, kuma sanya wayoyin aune-aune a irin wannan ƙunci ya ci wa masu binciken shekaru. A 2025 suka ba da rahoton auna giɓin ta hanyar kutsawar ilektron, suka samu kusan mili-ilektron-folt 60, da suka sauya haidirojin da nau'insa mai nauyi kuma ya sauka zuwa kusan 44, alamar cewa girgizar atam ce ke ɗaure ma'auratan a nan ma, kamar yadda ta bayyana a gwajin zaiba na 1950. Aikin da ke gaban masu lissafi da masu haɗa sinadarai yanzu shi ne neman haɗin da zai riƙe giɓi mai irin wannan girma bayan an sassauta matsin.