Turbo biyu a kan babban injin V8: riba ce ko jidali?

A Amurka akwai masu sayen tsohuwar mota ta shekarun 1960, su kwance ta gaba ɗaya, su sake haɗa ta yadda ransu yake so. A cikinsu, wanda ya ɗora turbo biyu a kan babban inji shi ake yi wa kallon ya ƙure maleji. Ga abin da ke cikin lamarin.

Wane inji ne ake kira babban bulok?

V8 ne mai silinda takwas, wanda aka zuba gangar jikinsa da faɗi domin ta ɗauki manyan fistan. Chevrolet ya fara ƙera nasa a 1958, ya fito da sabon samfuri mai lita 6.5 a 1965, a 1970 ya kai shi lita 7.4, wato wanda ake kira 454, lambar da ke nuna girman cikin injin a ma'aunin inci. Ford yana da 460, Chrysler yana da 440 da 426 Hemi. Motar Chevrolet Chevelle SS ta 1970 mai 454, samfurinta mafi ƙarfi, ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 450, babu turbo ko ɗaya.

Inji mai wannan girma, me zai yi da turbo, har biyu?

Ƙarfin inji yana bin yawan iskar da ya shaƙa ne, don da ita yake ƙona mai. Turbo kuwa fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta dinga cusa wa injin iska da ƙarfin tsiya. Idan ta ninka matsin iskar da muke shaƙa, ƙarfin injin ma yakan kusa ninkawa.

Dalilin yin biyu shi ne V8 ɓangare biyu ne, silinda huɗu a kowane gefe, sai kowane gefe ya samu tasa. Ƙananan turbo biyu sukan fi ƙatuwa guda saurin tashi, kuma wani lokacin sun fi sauƙin samun wurin zama. Akwai kuma kwalliya, kada mu ɓoye: idan aka ɗaga bonet aka ga dama da hagu sun yi daidai, rabin kuɗin ya fita a wurin mai motar.

Ina ribar?

Babban inji yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, don haka ba a jin jinkirin nan da turbo ke yi a ƙaramin inji kafin ta kama. Hayaƙinsa mai yawa ne, yana juya fankar da wuri. Wuce doki 1,000 ba abin labari ba ne a wannan haɗi, kuma ba sai an azabtar da injin da gudu ba. Direba yana iya rage matsin iskar a kwamfutar motar idan zai shiga gari, ya ƙara shi a filin tsere.

To ina matsalar?

A nan zancen yake da tsawo. Na farko zafi. Bututun da ke kai hayaƙi cikin turbo yakan yi jawur idan an taka, ga wayoyi da tiyo da bututun burki duk a maƙwabtaka. Babban bulok dama ya cika gaban motar. Yanzu sai an nemo wa turbo biyu wuri, da bututansu, da na'urar sanyaya iska a gaban lagireto, wadda ita ma take tare wa lagireton iska. Sau da yawa sai an yanke jikin motar, an mayar da batir but. Canza fulogi ma kan zama aikin wuni.

Sai nauyi. Babban bulok na ƙarfe ya fi ƙaramin bulok da wajen kilo 50, kafin a ƙara kayan turbo, kuma duk a kan tayoyin gaba. Motar takan yi taurin kai a kwana.

Amma abin da ya fi kayar da mutane shi ne lissafi. Sai mutum ya yi kasafin inji, ya manta injin zai cinye duk abin da ke bayansa. Dole a sa fistan da sandunansu masu jure matsi, a canza famfon mai da nozul, a nemi mai mai jure matsi irin E85, wato fetur da aka cakuɗa da ethanol mai yawa, in ba haka ba injin ya buga. Giyabos ɗin asali ba zai kai labari ba, shi ya sa ake komawa ga giyabos samfurin TH400 ko Powerglide da aka ƙarfafa, da aksil ɗin baya samfurin Ford mai inci 9. Hukumar tseren motoci ta Amurka, NHRA, kuma ba ta barin irin wannan tsohuwar mota da ke cinye mita 402, wato tsawon filin tseren miƙe, a ƙasa da daƙiƙa 10 ta shiga fili sai da kejin ƙarfe a ciki, direban kuma da lasin tsere.

Bayan duk wannan, tayar titi ba ta iya riƙe doki 1,000. Sai dai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi.

Kenan ba a hawa titi da ita?

Ana hawa, kuma akwai shaida. Tun 2005 mujallar Hot Rod take shirya Drag Week: kwana biyar ana tsere, kuma kowace mota da ƙafarta za ta tafi daga wannan fili zuwa wancan, tafiyar da takan kai kilomita 1,600. Larry Larson ya lashe gasar sau biyar a jere, daga 2008 zuwa 2012, da Chevy II ta 1966 mai babban bulok da turbo biyu. A 2010 ya cinye mita 402 a daƙiƙa 6.95. Sai dai Larson maƙerin motocin tsere ne, garejinsa ne wurin aikinsa. Wanda sai ya kira bakanike idan mota ta yi tari, wannan ba layinsa ba ne.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi?

A ganina, ga yawancin masu haɗa mota, akwai. Injin V8 samfurin LS da GM, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya fara fitarwa a 1997 ƙarami ne, ba shi da nauyi sosai, ana samun mai lita 5.3 a wurin 'yan gwangwan da araha, kuma da turbo guda yana ba da ƙarfin da ya ishi kowane titi. Wanda kuma ya nace sai babban bulok, a 2021 Chevrolet ya fito da ZZ632 mai lita 10.3: doki 1,004 da man gidan mai, babu turbo, babu bututun da zai narkar masa da waya.