Wane Gudu Ya Dace da Famfon Ɗumama Daɓe?

Mene ne aikin famfon nan tukuna?

A ƙarƙashin daɓe an shimfiɗa bututu, ruwan ɗumi mai digiri 35 zuwa 45 yana bi ta ciki. Famfon ba ya ɗumama komai. Tura ruwan kawai yake yi ya zagaya ya dawo.

To a wane mataki zan sa shi, I, II ko III?

A mafi ƙanƙantar matakin da zai kai isasshen ruwa cikin bututun da ya fi tsawo. Idan famfon na zamani ne, irin na Grundfos ko Wilo, zaɓi tsarin matsi tsayayye, wanda Grundfos ke kira CP. Akwai na biyu, PP, mai rage matsi da zarar wasu ɗakuna sun rufe layinsu. Wannan ya fi dacewa da rediyeta, wato ƙarfen ɗumama ɗaki da ake kafawa a bango. A ƙarƙashin daɓe kuwa, sai ya bar dogon layin da ya rage a buɗe da ƙarancin ruwa.

Ta yaya zan gane na dace?

Auna zafin ruwan da ke shiga da na wanda ke dawowa. Tazarar kusan digiri 5 ake so. In ta haura 10, ruwan yana jan ƙafa, ya huce tun kafin ya gama zagaye, sai ka ji gefe ɗaya na ɗakin da ɗumi, ɗayan da sanyi. In kuwa digiri 2 ne kacal, famfon gudu yake na banza, ga cin wuta, ga ƙara a bututu. Lissafin ba wuya: kilowat 1 na zafi, a tazarar digiri 5, yana buƙatar kusan lita 3 a minti.

Ɗaki ɗaya ya ƙi ɗumi. In ƙara gudu?

Nan ne akasari ake kuskure. Ruwa hanya mai sauƙi yake bi, gajeren layi ya kwashe rabon dogo. Je mahaɗar bututun, duba 'yan gilasan da ke nuna litar kowane layi, ka ɗan matse gajerun. Ka kuma fitar da iskar da ta maƙale a ciki, don ko a mataki na III tana iya tare hanya.

Na canza, ban ji bambanci ba.

Siminti ba ya saurin ɗaukar zafi. Canza abu ɗaya, ka bar shi ya kwana, gobe ka sake aunawa.